Alƙalin Kan Benci

A Kimba ta ƙasar Jega akwai wani shagon cajin waya mai benci biyu a ƙofa. Idan aka idar da sallar lisha, musamman a watannin cirar albasa, bencin nan ba ya rasa jama'a: manoman fadama da suka yini tsakanin ruwa da rana, 'yan kabu-kabu da suka gama jigilar yini, da dillalan da ke jiran waya daga Aliero su ji yadda buhu ya kwana. Mai shagon yana da ɗan injin wuta da talabijin mai faɗi. Ranar da babu ƙwallo sai a sa fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa, a yi ta kallo ana gardama har barci ya raba taro.

Wani dare, wani ɗan garin da ke karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero ya zo hutu da kwamfutarsa. Ya ce yau zai nuna abin da ba a saba gani ba, shi kuma zai zama tafinta. Shirin na Amurka ne, sunansa Star Trek: The Next Generation, an yi ta nuna shi daga 1987 zuwa 1994, kashi 178. Labarin wani ƙaton jirgi ne mai suna Enterprise da ke yawo tsakanin taurari a ƙarni na 24. Kashin da ɗalibin ya zaɓa an fara nuna shi a watan Fabrairu na 1990, sunansa A Matter of Perspective, wato kowa da inda ya tsaya ya hangi abu.

Ba a yi minti goma ba 'yan benci suka raɗa wa kowa suna. Kyaftin Pikad, wanda ɗan wasan Ingila Patrick Stewart ke fitowa a matsayinsa, ya zama Mai Sanƙo. Mataimakinsa Raika ya zama Mai Gemu. Da aka ce farin mutum-mutumin nan mai idon mage sunansa Data, sai wani ɗan kabu-kabu ya ce ashe shi ne ke cinye masa kuɗin waya. Na'urar da ke ɗauke mutum daga wuri ta sauke shi a wani wuri cikin ƙiftawar ido kuwa, babu wanda ya wahalar da kansa neman sunanta. Layar zana aka ce da ita.

Ana cikin haka Alhaji ya iso. Babban dillalin albasa ne, motocinsa na zuwa har Kudu, kuma an san shi da abu biyu: kyauta idan ya so, da saurin yanke magana. Ba ya zama kan benci, yana da kujerarsa ta roba. Shekarun baya akwai yaron da ke biyo shi da kujerar a ka da buta a hannu. Bana kuwa Alhaji da kansa ya ɗauko abarsa, ya ajiye ta gaba da kowa. A ƙarshen benci, wajen da hasken talabijin ba ya kaiwa sosai, wani dattijo mai ɗori na zaune yana jan carbi. Asalinsa mutumin Aliero ne, garin da aka daɗe da sani da gyaran karaya, kuma a gidansu ya gaji sana'ar.

Ga yadda labarin fim ɗin yake. An aiki Mai Gemu wata tashar bincike da ke shawagi a saman wata duniya mai suna Tanuga, ya duba inda wani masani, Dakta Afga, ya kai a aikin samar da wani sabon makamashi. Ya kwana can. Washegari, daidai lokacin da layar zana ta ɗauko shi zuwa jirgi, sai tashar ta tarwatse, Afga ya mutu a ciki. Matar mamacin da mai taimaka masa a aiki sun riga sun sauka ƙasa, saboda haka Mai Gemu ne na ƙarshe da ya gan shi da rai. Ya dawo jirgi fuska ba walwala, ana tambayarsa yana amsawa a taƙaice.

“Kai ɗan boko, tsai da shi nan,” in ji Alhaji. “Mi za a ɓata muna lokaci? Wanga mai gemun shi yak kashe shi. Ku dubi idanunai. Ni in na ga marar gaskiya, ko cikin ruwa yake sai na ga zuhwa tai.”

“Alhaji, yanzu aka fara.”

“An ƙare dai. Ci gaba ka gani.”

Sai ga wani mai bincike daga Tanuga, sunansa Kirag, ya zo a ba shi Mai Gemu. Ya kuma bayyana cewa a dokarsu wanda ake tuhuma mai laifi ne har sai ya wanke kansa. Mai Sanƙo ya ƙi miƙa mutuminsa haka nan, ya ce a fara sauraron shaidu a cikin jirgi. A jirgin akwai wani ɗaki da kwamfuta ke gina duk abin da aka kwatanta mata, bango da kujeru da mutane masu motsi da magana, kamar gaske. Aka sa ta ta gina tashar yadda take kafin ta fashe, kowane mai shaida ya ba da labarinsa, a zauna a kalla kamar wasan kwaikwayo.

Aka fara da na Mai Gemu. A nasa labarin, matar masanin, Manuwa, ita ta yi ta shige masa, ta raka shi masauki ta rufe ƙofa, yana kaucewa tana matsowa, har mijin ya shigo ya same su. Afga ya kawo masa duka, shi kuma gocewa kawai ya yi.

Alhaji ya buga cinya. “Ashe matar ce! Dama jikina ya ba ni. Wagga mata ita tak kashe mijinta don ta ci gado. Yaron ga ba ruwanai.”

Sai aka zo na Manuwa. Ɗaki ɗaya, dare ɗaya, kusan kalmomi ɗaya, amma komai ya juye. Nan ita ce kamila mai kunya, Mai Gemu ne ya rufe ƙofa ya nemi cin zarafinta, da mijin ya shigo kuma ya lakaɗa masa duka.

“To, mi nac ce tun hwarko?” in ji Alhaji, yana waiwayen 'yan benci. “Ai na hwaɗa muku. Mace ba ta yi wa kanta irin wagga ƙarya gaban mutane. A ba su shi su kashe.”

Babu wanda ya tuna masa abin da ya faɗa minti biyar da suka wuce.

Shaida ta uku ita ce Taina, mai taimaka wa mamacin. Ba ta cikin ɗakin a daren, abin da Afga ya gaya mata kawai take maimaitawa. A wannan labarin Afga ne jarumi, shi ya tumurmusa Mai Gemu, shi kuma ya tashi yana yi masa barazana. Mai Sanƙo ya ce wannan ai ji ne, ba gani ba. Kirag ya ce a dokar Tanuga ana karɓar irinsa. Ga kuma hujjar na'ura: an auna an ga wani ƙarfi ya fita daga daidai inda Mai Gemu ke tsaye ya doshi tukunyar wutar tashar, a daidai lokacin da ya ɓace. Biri ya yi kama da mutum.

Akwai wata mata a jirgin, Tiroi, wadda Allah ya hore wa jin abin da ke zuciyar mutane. Mai Gemu ya ce mata ai ta san matar nan ƙarya take yi. Ta ce ba ta ji alamar yaudara a tare da ita ba, kuma shi ma ba ta ji a tare da shi ba. Kowannensu ya faɗi abin da ya yarda shi ne ya faru. A nan wani manomi ya ce a dakata, wannan wane irin zance ne, mutum biyu su saɓa kuma a ce babu maƙaryaci? Malamin makarantar allon unguwar, wanda ya tsaya karɓar wayarsa kallo ya riƙe shi, ya ce ai ba sabon abu ba ne. Ya ce ya sha zama sulhun iyakar gona, maƙwabta biyu kowa na shirye ya dafa Alƙur'ani, kuma babu wanda ya yi niyyar ƙarya a cikinsu. Zuciya ce ke gyara wa mai ita labari tun kafin ya iso baki.

Can gefe kuma, Data da injiniyan jirgin da wani matashi suna fama da wata matsala da kamar ba ta shafi shari'ar ba. Wani irin turiri mai ƙona ƙarfe yana ɓullowa a sassan jirgin, ba kuma da ka yake zuwa ba, duk bayan awa biyar da minti ashirin da daƙiƙa uku. Da suka bi sawu sai suka gano cewa wani injin aikin Afga da ke ƙasa, a duniyar Tanuga, yana ci gaba da harbo ƙarfinsa a kan wannan ƙa'ida, kwafin na'urar Afga da aka gina a ɗakin kwaikwayo kuma yana karɓa yana sarrafa shi. Ma'ana, aikin da Afga ya ce bai kammala ba ya daɗe da kammaluwa. Ɓoyewa ya yi, don ya ga zai fi samun kuɗi idan ya sayar da shi a matsayin makami. Da ya zaci Mai Gemu ya gano shi, sai ya saita ƙarfin ya same shi lokacin da layar zana ke ɗaukarsa, a ce hatsari ne. Harbin ya daki hasken layar, ya dawo, ya faɗa tukunyar wuta. Mamacin shi ya kashe kansa da abin da ya haƙa wa wani.

Aka kunna fitila. Alhaji ya gyara zaman hula.

“Wanga fim zamba ne,” ya ce. “An nuna muna hanya ukku, ashe duk ba ta bi nan ba. Wa zai iya gane wanga abu?” Ya ɗan yi shiru, sai ya sake kama wani bakin zaren. “Amma ku bar batun fim. Mutanen Tanugan ga, mutanen banza ne. Ga ilimi, ga jirgin sama, amma a ce mutum mai laihi ne tun ba a bincika ba? Har da shaidar wadda ba ta wurin? Da Mai Sanƙo bai tsaya ba, da sun kashe bawan Allah a banza. Irin abin da anka yi muna a Uromi ke nan.”

Kowa ya san abin da yake nufi. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, an tare wata mota da ta ɗauko mafarauta 'yan Arewa daga Fatakwal za su gida hutun Sallah. Aka ga bindigogin farauta, wani ya ce masu garkuwa da mutane ne, kafin a ce a bincika an kashe mutum 16. Alhaji ya fi kowa ɗaga murya a lokacin, kuma da gaskiyarsa.

Malamin allo ya ce haka ne. Ya ce duk yaron da ya kai babin shari'a a Risala ya san cewa nauyin kawo hujja yana kan mai ƙara, kuma Suratul Hujurati ta yi umarni a tantance labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cuci mutane cikin rashin sani a dawo ana nadama. Ya ce mu da ke ƙasar Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar littattafai kan yadda mai hukunci zai yi hukunci, mu ya fi kamata mu riƙe wannan. Ɗalibin ya ƙara da cewa ko tsarin mulkin 1999, a sashe na 36, cewa ya yi wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai an tabbatar. Alhaji yana ta gyaɗa kai, yana cewa a gaya musu dai.

Sai dattijo mai ɗori ya yi gyaran murya. Tun da aka fara bai ce uffan ba.

“Ɗana, kunnena ya yi nauyi. Can ƙarshe, da gaskiya tab bayyana, mi wanga ɗan sandan nasu yac ce?”

“Baba, cewa ya yi ya janye buƙatarsa, sannan ya ba Mai Gemu haƙuri.”

“Shi da bakinai?”

“Da bakinsa.”

“Gaban mutanen da yat tuhume shi gabansu?”

“A gabansu, Baba.”

“To, ashe ba su kai banzar da anka ce ba.” Ya mayar da carbi aljihu. “Ni ban iya kallon fim ba, amma ya tuna mini wani abu da anka yi wani gari can, nesa da nan.”

Ya ce a garin akwai wani mai hali da ke da yaro, ɗan maƙwabta, wanda ya taso a hannunsa tun bai iya ɗaura zariya ba. Wata rana da yamma aka nemi wani ɗaurin kuɗi aka rasa. Maigidan bai yi dogon tunani ba: wa ya fita daga shago na ƙarshe? Yaron. Aka kira shi, ya zo yana rawar jiki, aka ce ga alama nan. Wani ya ce ya gan shi da sabon takalmi. Wani ya ce shi bai gani ba, amma wanda ya gaya masa ba ya ƙarya. Maigidan bai ɗaga hannu ya doki kowa ba, cewa kawai ya yi a gaban samarin unguwa shi ya san ɓarawonsa. Kafin a kira magariba gora ta yi aikinta.

“Da dare anka kawo mini shi,” in ji dattijon, ya manta ya ce garin na da nisa, ko kuwa bai manta ba. “Hannun dama, karaya biyu. Na ja, na daidaita, na jera kara na ɗaure. Manya na kuka in ana ja musu ƙashi. Shi wanga bai yi kukan ƙashi ba. Abu guda yaka ta hwaɗi: Baba, wallahi ban ɗauka ba.”

Ya ce bayan 'yan makonni aka kwance kara, hannu ya kama sarai. Amma yaro ya kasa fita. Yara na binsa da waƙa, gidan da aka fara yi masa maganar aure suka aiko a dakata. Sai ya tattara ya koma wajen kawunsa a ƙasar Maiyama. Watanni suka wuce, albasa ta yi tsada, maigidan ya sa a buɗe rudun da ya adana tasa. Leburori na ɗaga ciyawa sai ga baƙar leda a soke, kuɗi cif, ko naira ba ta yi ciwon kai ba. Shi da hannunsa ya soke ta ranar da ake zuba albasa, waya ta ɗauke masa hankali. Ya karɓi ledarsa, ya ƙara wa leburorin na goro fiye da yadda aka saba, kowa ya gane abin da goron yake nufi.

“Ranar tuhuma da ganga anka hita,” in ji dattijon. “Ranar da kuɗi sunka hito, ko raɗa ba a yi ba. Ni nawa aikin na yi, ƙashi ya ɗoru. Akwai abin da yak karye ranar nan wanda ba gidanmu anka gaji ɗorinai ba. Mutum guda ne ka iya ɗora shi, kuma bakinai ne maganin.” Ya miƙe yana dafa gwiwa. “Na ji an ce har yau mutumin na neman yaron da zai riƙa mai aiki, babu uban da ya yarda ya ba shi ɗa. Ko shi ma harbin nan ne da ka dawowa, oho. Ku tambayi ɗan boko, shi ya san kimiyya. Sai da sahe.”

Injin wuta ne kaɗai ke magana. Babu wanda ya dubi kujerar roba. Ɗan kabu-kabun nan mai barkwanci ya duƙufa kan wayarsa kamar yau ya fara ganinta, shi da wasu samari biyu da suka san nauyin gora. Can Alhaji ya ce dare ya yi, ya ɗauki kujerarsa ya tafi.

Da za a tambaye ni ra'ayina kan fim ɗin, zan ce ba shi ne gwanin gwanaye ba. Dabarar ba da labari ɗaya ta bakuna da yawa tsohuwa ce, Akira Kurosawa na Japan ya yi ta tun 1950 a fim ɗinsa Rashomon, kuma shi bai ba mai kallo sauƙin da wannan ya bayar ba. A nan na'ura ce ta zo ta raba gardama, alhali a Kimba ko Jega babu ɗakin da za a shiga a dawo da jiya. Sannan an wanke Mai Gemu daga kisa, amma abin da ya faru tsakaninsa da matar a ɗakin baƙi an bar shi a rufe, ƙarar da ta kawo ta bi iska ba a ce mata komai ba. Wannan gibi ne. Sai dai daren nan ya nuna mini cewa fim ɗin ya iya abu ɗaya: yana ba mai kallo igiya ya ɗaure kansa. Sau uku yana tambayar ka wa ka ce ya yi, sau uku kana amsawa da ƙarfin zuciya, kuma kowane karo kana jin tun farko haka ka ce. Mun ji haushin Kirag don dokarsa a rubuce take, ya kuma faɗe ta da baki. Tamu ba a rubuce take ba. A bakin shago take, da saƙon murya na WhatsApp, da kalmar nan “an ce”. Laifi tudu ne, kuma na Tanuga ya fi daɗin hange tunda ko a taswira babu ita.

Washegari da sassafe an ga Alhaji a bakin hanya ya tsayar da ɗan kabu-kabu, an kuma ji ya ambaci Maiyama. Mai shayi ya ce da idonsa ya ga ƙunshin shadda da goro a hannunsa, lallai biko ya tafi. Mai faci ya ce ƙarya ne, buhunan banza ne a hannunsa, wani manomi zai gani kan cinikin albasa. Na ukun bai ga komai ba, amma ya ce wanda ya gaya masa ba ya ƙarya, asibiti Alhaji ya nufa don bai runtsa ba daren jiya. Duka ukun sun ce a kawo Alƙur'ani su dafa.

An tambaye ni wanne na gaskata. Na ce a bari ya dawo tukuna.